Mai Keke Da Mai Mota A Kan Hanya Ɗaya

Yau za mu ɗan ajiye zancen sauro da ruwan sha da tsabtar gida, mu fita bisa titi. Watakila wani ya ce, ina ruwan ma'aikatan lafiya da titi, ai wannan aikin 'yan sanda ne da masu gyaran hanya. To, mai wannan magana ya leƙa ɗakin masu karaya a kowane babban asibiti, ya bi gado gado yana tambayar abin da ya kawo kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da lissafi a shekarar 2023, ta ce mutum wajen 1,190,000 ne su ke mutuwa kowace shekara a duniya sabo da haɗarin hanya, ban da waɗanda suka naƙasa. Ta ce a cikin yara da matasa, daga mai shekara 5 zuwa mai shekara 29, ba abin da ya kai haɗarin hanya kisa. Fiye da rabin mamatan kuwa ba a cikin mota su ke ba, masu tafiya ƙasa ne da masu keke da masu babur. In aka gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane sashe na duniya hasara.

Kada wannan ya sa kowa ya jingine kekensa. Hawan keke magani ne. A 2017 masana na Jami'ar Glasgow sun ba da labarin binciken da suka yi a kan mutum fiye da 260,000, suka ga masu zuwa wurin aiki a keke sun fi masu zuwa a mota tsira daga ciwon zuciya da ciwon daji. Abin da mu ke nema shi ne mai keke ya fita lafiya ya komo lafiya.

Abin da za mu duba yau ƙarami ne a ido, amma ya sha jawo zagi da faɗa, har da jini. Ga mutum biyu bisa kekuna, sun jera kafaɗa da kafaɗa, suna tafe suna hira. Ga mota ta taso musu daga baya, direba yana so ya wuce. Shi a ganinsa da gangan suka tare masa hanya, sai ya danne ham, ya matso kamar zai hau su. Su kuma a ganinsu hanya ta kowa ce. Wa ke da gaskiya? Akwai ƙasar da aka daɗe ana wannan gardama a jaridu da gidajen rediyo, har Gwamnati ta zauna ta rubuta amsa, ita ce Ingila. Sai mu ji yadda suka yanke, mu ji kuma dalili.

Abin da aka yanke a Ingila

A can akwai wani littafi na ƙa'idodin hanya wanda Gwamnati ta fara bugawa a 1931, ana kuwa yi masa gyara lokaci lokaci. Duk mai neman lasin tuƙi sai an jarraba shi a kansa. Maganganun cikinsa iri biyu ne. Akwai waɗanda doka ce tsantsa, wanda ya karya a kai shi gaban alƙali. Akwai kuma na shawara, waɗanda saɓa musu kaɗai ba ya kai mutum kurkuku, amma in an yi haɗari ana kawo su shaida a kotu, a nuna wanda ya yi ganganci.

Shekara da shekaru shawarar da littafin nan ya ke ba masu keke ita ce, kada su jera fiye da biyu, kuma su koma ɗaya bayan ɗaya a hanya mai ƙunci, ko mai yawan motoci, ko wajen shan kwana. Magana ce mai kyau a ji, amma wa zai faɗi hanyar da ta ke da ƙunci, ko wadda ta cika motoci? Direban da ya makara, kowace hanya a wurinsa mai ƙunci ce. Da haka direbobi da yawa suka ɗauka cewa jerawa bibbiyu karya doka ne, alhali kuwa doka ba ta hana ba.

Ran 29 ga Janairu, 2022, watau shekara 91 bayan bugun farko, sabon gyara ya fara aiki a Ingila da Sikotilan da Wales. Aka faɗa a fili cewa masu keke suna iya jerawa bibbiyu, har ma wani lokaci haka ya fi tsaro, musamman in suna da yawa, ko suna rakiyar yara ko sababbin koyo. Amma aka haɗa musu da sharaɗi: su riƙa kula da motocin da ke bayansu, in sun ga wurin da wucewa ba ta da haɗari su ba da hanya, ko ta komawa layi ɗaya ko ta tsayawa. Shi kuma direba aka ce ya bar tazarar mita 1.5, watau mita ɗaya da rabi, tsakanin motarsa da mai keke, in gudunsa bai wuce mil 30 a awa ba, kamar kilomita 48 ke nan. In ya fi haka gudu, ya ƙara tazara. In doki ne zai wuce, ya rage gudu ƙasa da mil 10 a awa, ya bar mita 2. In kuwa wurin bai isa a bar wannan tazara ba, ya haƙura ya bi baya sai wuri ya samu.

Aka kuma kafa wata ƙa'ida a farkon littafin, wadda sauran duk suka rataya a kanta: wanda abin hawansa ya fi iya ɓarna, shi ne nauyin kula ya fi hawa kansa. Direban babbar mota ya fi na ƙarama ɗaukar nauyi, na ƙarama ya fi mai keke, mai keke kuma ya fi mai tafiya ƙasa. Wannan bai sauke wa kowa nasa nauyin ba.

Ba Ingila kaɗai ba ce. A Faransa tazarar mita 1 ce cikin gari, mita 1.5 a bayan gari. A Jamus tun 2020 mita 1.5 ce cikin gari, mita 2 a bayan gari. A Amurka, jihar Wisconsin ta kafa dokar ƙafa 3 tun 1973.

A lura, waɗannan dokokin ƙasashensu ne, ba da su a ke hukunta mutum a Kano ko Maraɗi ba. Kuma a Ingila hannun hagu a ke bi, mu kuwa a Nijeriya mun koma hannun dama tun ran 2 ga Afrilu, 1972, Ghana ta biyo baya a 1974. Don kada a rikice, zan riƙa cewa gefen titi da tsakiyar titi, in bar zancen hagu da dama. Amma faɗin mota da nauyinta da taurin kwalta duk ɗaya ne ko'ina, sabo da haka lissafin da za mu yi yanzu ya shafe mu kamar yadda ya shafe su.

Mu auna titi

Me ya sa har mita ɗaya da rabi? Babban mutum in ya buɗe hannuwansa duka biyu, daga kan yatsa zuwa kan yatsa ya ɗan ɗara haka kaɗan. Wani zai ga kamar ya yi yawa. To, keke ba jirgin ƙasa ba ne da zai bi dogo sak. Kowane mai keke yana ɗan karkacewa, nan da can, da haka ma ya ke tsayuwa bai faɗi ba. Karkacewar tana ƙaruwa in yana hawan tudu, ko ya ɗauko kaya, ko yaro ne. Ga rami, ga yashi, ga fasasshiyar kwalba, ga akuya ta ɓullo. Abin da tayar mota za ta taka direba bai ko ji ba, shi ne zai kā da mai keke, don haka tilas ya kauce, sau da yawa kuwa ba shi da damar waiwayawa. In kuma ya faɗi wajen tsakiyar titi, ku tuna tsawonsa duka zai miƙe a ƙasa. Tazarar nan ita ce wurin faɗuwarsa.

Yanzu mu haɗa. Hannu ɗaya na babban titi faɗinsa kamar mita 3.5 ne. Mai keke ya bar rabin mita daga bakin kwalta. Shi kansa, da kan keke da gwiwoyin hannunsa, ya ci kamar santimita 70. A ƙara tazarar mita 1.5. A ƙara faɗin ƙaramar mota, kamar mita 1.8. Jimla mita 4.5. Kun ga ta fi faɗin hannun da mita guda cur. In babbar mota ce mai faɗin mita 2.5, jimlar ta haura mita 5.

Ma'anar wannan ita ce, ko da mai keke ɗaya ne tak, ba yadda mota za ta wuce shi da kyau ba tare da ta ƙetare layin tsakiya ta shiga hannun masu zuwa ba. Tun da ya ke haka ne, direba ba shi da damar wucewa sai ɗaya hannun ya zama ba kowa. In kuwa ɗaya hannun ba kowa, to, ya shige shi gaba ɗaya mana, kamar yadda zai yi in tarakta ce ko amalanke a gabansa. A lokacin nan, ko masu keken ɗaya ne ko biyu ne a jere, bai rage shi da kome ba. Direban da ya ke cewa da sun koma layi ɗaya da na wuce, alhali ga mota tana zuwa daga gaba, abin da ya ke nufi shi ne da ya kutsa tsakaninsu da motar nan, ya goge su. Wannan kutsen kuwa shi ne ya ke cika mana gadaje.

Akwai dalili na biyu, na tsawo. A ce masu keke 10 ne, kamar 'yan makaranta sun taso, ko ma'aikata za su gida. Kowane keke da ɗan filin da ke gabansa ya ci kamar mita 3. In sun bi ɗaya bayan ɗaya, tsawon layinsu mita 30 ne. In sun jera bibbiyu, mita 15. A ce mota tana gudun kilomita 60 a awa, su suna 20. Watau tana cin musu mita 11 a kowane sakan. A ƙara mita 25 domin tsawon motar da filin fita da na komawa. Dogon layi zai ci mata sakan 5, gajere kuwa sakan 3 da rabi da ɗan kai. Bambancin kamar ba kome ba, amma a cikin sakan 5 motar ta yi tafiyar mita 83 a hannun da ba nata ba, in kuma wata tana zuwa da irin gudun nan ita ma ta ci mita 83. Ashe direba yana bukatar ya hangi fili wajen mita 170 kafin ya fita. In bibbiyu su ke, mita 120 ta isa.

Mugun abin da dogon layi ya ke jawowa shi ne, direba ya fara wucewa, ya kai tsakiya, sai ga wata mota ta ɓullo. Ba zai yarda su yi karo gaba da gaba ba, sai ya karya sitiyari ya faɗa cikin layin. Na huɗu ko na biyar ne zai kwana asibiti. Har wa yau mutum biyu a jere sun fi ganuwa daga nesa, ido yana ɗaukarsu kamar wani abin hawa ne babba, direba ya fara rage gudu tun da wuri. Uban da ya fita da ɗansa kuwa, in ya sa yaron ta gefen titi shi ya tsaya ta wajen motoci, ya zama masa garkuwa, yana kuma iya yi masa magana ba sai ya waiwaya ba.

Inda masu keke su ke da laifi

Kada masu keke su ji wannan su ce an ba su titi. An ce biyu, ba a ce uku ko huɗu ba, ba a kuwa ce a watsu kamar garken tumaki ba. Masu jerawa su bar ɗan fili tsakaninsu, gama in kan keke ya sarƙe da kan keke duka biyu za su zube. Riƙe hannu, ko dafa kafaɗar juna, ko a saki baki ana hira har a manta da baya, duk wauta ce. A Faransa, ko da ya ke an yarda da bibbiyu, doka ta ce a koma layi ɗaya da zarar duhu ya fara, da kuma sa'ad da mota ta ba da alamar tana son wucewa. Zancen duhun nan a ganina daidai ne ƙwarai.

In hanya ta miƙe, ta yi faɗi, ana hangen nesa, ga motoci sun taru a baya, sai a ba su hanya. Na baya duka shi ne mai tsaro, shi zai ce ga mota. A shirya tun kafin a tashi wanda zai ja baya da wanda zai yi gaba in za a koma layi ɗaya, don kada a yi ta a rikice. In hanya ce wadda ba wurin wucewa har nisa, a sami fili a ratse a tsaya. Mai keken da ya riƙe motoci mil guda don kawai yana da iko, ya cuci wani ɗan'uwansa, domin direban da aka ƙular a nan, a kan mai keke na gaba zai huce.

Shi kuma direba ya yi wannan ɗan lissafi. In ya bi bayan mai keke mai gudun kilomita 15 a awa har tsawon mita 200, sakan 48 zai ci. Da yana gudun 60 da sakan 12 zai ci. Hasararsa duka sakan 36 ce, ba ta kai lokacin da a ke ɓatawa wajen gaisawa da maƙwabci ba. Danna ham da ƙarfi dab da mai keke kuwa firgita shi ya ke yi, wanda ya firgita kuwa karkacewa ya ke yi. In za a yi, a yi daga nesa, sau ɗaya, a hankali.

Littafin na Ingila ya kuma shawarci mai keke, ko shi kaɗai ne, ya shigo tsakiyar hannunsa in ya kusa mararraba ko wurin da titi ya tsuke, don kada direba ya yi sha'awar kutsawa. Ƙaramar gada da kwalbati da kwana mai ɓoye abin da ke gaba duk irin wuraren nan ne. A waiwaya tukuna, a miƙa hannu, sa'an nan a shigo, in an wuce a koma gefe. Amma kada a ɗauki shigowa tsakiya kamar laya ce. Wani malami na Jami'ar Bath, Ian Walker, ya ɗaura wa kekensa na'ura mai auna tazara a 2006, ya yi ta yawo a garuruwan Salisbury da Bristol har ya auna motoci fiye da 2,000 da suka wuce shi. Ya ga cewa in ya ƙara nisa daga gefen titi, tazarar da a ke bar masa raguwa ta ke yi, watau direbobi da yawa layinsu su ke bi, ba su ƙara kaucewa. Ya ga manyan motoci da bas sun fi matsowa. Da ya sa gashin kanti don a zaci mace ce, sai aka ƙara masa wajen santimita 14. Da ya sa hular kwano, aka rage masa wajen santimita 8. Sau biyu aka buge shi cikin aikin nan, da bas da kuma babbar mota. Waɗansu masana sun yi gardama a kan zancen hular, kada kuwa kowa ya ajiye tasa sabo da shi, gama ran da kai ya bugi kwalta ita ce tsakaninsa da mutuwa. Abin lura a nan shi ne, direba yana iya ƙara tazara in ya ga dama, tun da ya ƙara wa wanda ya zaci mace ce.

'Yan sandan yankin Birmingham sun yi wata dabara a 2016. Sai ɗan sanda ya sa farin kaya ya hau keke mai kyamara. Duk direban da ya goge shi, sai ya sanar da abokansa da ke gaba su tsai da shi. A bakin titi sun shimfiɗa wata tabarma da aka zana faɗin titi da wurin keke da tazarar mita 1.5 a kanta, a nuna wa direba da idonsa. Wanda gangancinsa ya yi yawa, ko ya maimaita, a kai shi kotu. 'Yan sandan waɗansu yankuna suka kwaikwaya.

Babbar mota, ƙofa, da dare

Babbar mota sha'aninta dabam ne. In ta zo wucewa da gudu, iskar gabanta tana tura mai keke waje, sa'an nan ta jikinta ta jawo shi ciki, wajen tayoyin baya. Ga ta da tsawo, direba ya ga kansa ya wuce sai ya fara komowa, alhali bayan tirela bai wuce ba tukuna. Wajen shan kwana kuma tayoyin baya ba su bin sawun na gaba, yanke kwanar su ke yi. Mai keken da ya shiga tsakanin babbar mota da gefen titi a mararraba ya shiga tarko, direba kuwa daga can sama sau da yawa ba ya ganinsa. Wannan ya kashe masu keke da dama a London, har daga 2021 aka fara tilasta wa motocin da suka haura tan 12 su sami izini kafin su shiga birnin, bisa ga yadda direba ya ke iya ganin ƙasa daga mazauninsa. In ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Tsaya bayanta. Masu kama jikin babbar mota don ta ja su a tudu kuwa, su je su tambayi likitan ƙashi abin da ya ke gani.

Motar da ke tsaye ma tana kā da mutum. Wani ya buɗe ƙofa bai duba ba, mai keke ya daki ƙofa, ko ya kauce ya faɗa gaban wata motar. Gyaran 2022 ya kawo wata al'ada da a ke dangantawa da mutanen Holan: ka buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita, sai jikinka ya juya da kansa, ka ga baya. Mai keke kuma ya bar mita guda tsakaninsa da motocin da ke tsaye.

Da dare, a Ingila doka ce keke ya kasance da farar fitila a gaba, ja a baya. Littafin ya nuna motar da ke gudun mil 30 a awa tana bukatar mita 23 kafin ta tsaya, mai gudun mil 60 kuwa mita 73, a busasshen titi ke nan da burki mai kyau. Gudu ya riɓa biyu, nisan tsayawa ya fi riɓi uku. Mai keke da baƙaƙen tufafi ba fitila, kafin a gan shi an riga an makara. Lokacin hazo da ruwan sama haka abin ya ke ko da rana. A tattare babbar riga kada ta shiga taya, kuma wanda ya gicciya kara ko katako a kariya ya sani ya ƙara faɗi, ba shi da halin jerawa da kowa.

In an buge mai keke

Abin farko, a tsai da motoci, kada a ƙara taka shi ko a taka masu taimako. A Nijeriya ana kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, a lamba 122. Kada a ɗaga shi a zaunar, kada a ja shi ta hannu ko ta ƙafa. In ƙashin wuya ko na baya ya karye, murɗawa ɗaya tana iya taɓa laka, mutum ya shanye har abada. In tilas ne a kawar da shi, mutum uku ko huɗu su ɗauke shi a miƙe bisa katako ko ƙyaure, ɗaya yana riƙe da kai kada ya juya.

Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, a ci gaba da dannewa, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Kada a zuba ƙasa ko toka ko man burki a rauni. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa, zai shiga huhu ne. In yana numfashi a kwantar da shi ta gefe ɗaya a hankali, kai da jiki su juya tare, don kada amai ya shaƙe shi. Ko wanda bai suma ba a dakata da ba shi abinci, watakila a yi masa aiki.

Mai faɗuwa daga keke hannu ya ke tokarawa, don haka wuyan hannu da ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa su suka fi karyewa. A ɗaure wurin kada ya motsa, a tafi asibiti a ɗauki hoto. Karayar da ƙashi ya huda fata, a rufe ta da abu mai tsabta, kada a tura ƙashin ciki, kada a kai wa maɗori, gama ƙwayoyin cuta sun riga sun sami ƙofa. Ƙujewar kwalta a wanke ta sosai da ruwa mai tsabta da sabulu har tsakuwa ta fita, a kuma tambayi ma'aikacin lafiya zancen allurar ciwon nan mai sarƙe haƙora da sandare jiki, domin a cikin ƙasa da kashin dabbobi ƙwayarsa ta ke zama.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne wanda ya bugu a kai, ya ɗan suma, ya farfaɗo, ya karkaɗe rigarsa ya ce ba kome. Jini yana iya taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa, mutum yana magana lafiya lau, bayan awa kaɗan ya kwanta ya kasa tashi. Duk wanda ya suma, ko na ɗan lokaci ne, likita ya gan shi ran nan. In an sallame shi kada a bar shi shi kaɗai har kwana biyu. In ciwon kai yana ƙaruwa, ko yana ta amai, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa ya yi wuya, ko maganarsa ta rikice, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko ya yi farfaɗiya, ko jini ko wani ruwa yana fita ta kunne ko hanci, a mai da shi asibiti nan take, ko tsakar dare ne, kada a jira gari ya waye.

Mako mai zuwa war haka za mu ɗauki zancen goyon yara a babur. Sai an jima.